An Ba Ni Gurbin Mai Ciki, Alhali Ni Ma Ciki Ne Da Ni

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Anti mai wannan shafi, sannu da ƙoƙari, Allah Ya saka miki da alheri. Don girman Allah ki ɓoye sunana da lambata, sunayen da zan ambata ma duk na canza su. Ku kuma masu karatu, na san wani tun bai kai rabi ba zai fara rubuta min Allah wadai. Ina roƙon ku daure ku kai ƙarshe tukuna. Ba sai kun gaya min na yi laifi ba, wallahi na sani, da shi nake tashi, da shi nake wuni. Hanyar fita nake nema, kuma kwana huɗu kawai suka rage min.

Ni 'yar cikin gari ce, a Zaitawa aka haife ni, aure ma bai kai ni nesa ba, lungu uku ne tsakanin gidanmu da ɗakina. Azumi mai zuwa zan cika shekara talatin. Maigidana baduku ne a Kasuwar Kurmi, jakunkuna da takalma yake ɗinkawa, mutum ne mai sanyin hali da ban taɓa jin ya ɗaga min murya ba. Shekararmu bakwai da aure. Ciki ɗaya na taɓa samu, a shekara ta biyu, ya zube yana wata uku, daga nan shiru. Asibiti mun je, na gargajiya mun sha, rubutu kuwa ban san iyakar wanda ya shiga cikina ba. Duk suna ko biki da zan je sai wata ta dubi cikina kafin ta dubi fuskata. Shi dai maganarsa ɗaya ce kullum, lokaci ne bai yi ba.

Abin da ya kai ni ga karatun da zan ba ku labari kuwa Ummana ce. Ta yi fama da ciwon maƙogwaro, aka ce daji ne. Bayan an yi mata aiki likita ya tura mu wani asibiti can kudu, ni na raka ta. A can aka ba ta wata ƙwaya ta haɗiye, aka rufe ta a ɗaki ita kaɗai kwana uku, aka hana ni shiga, abinci ma sai dai a ajiye mata a bakin ƙofa. Duk sashen babu mai jin Hausa. Umma ta ɗauka wata muguwar cuta ce ta kama ta har ake gudun ta, ta gilashin taga nake hango ta tana share hawaye da gefen zani tana min alama in zo. Ni da ɗan Turancina na gane bayanin, wai maganin yana fitar da wani abu da ido ba ya gani, radiyeshan, yana cinye cutar amma yana iya taɓa wanda ya daɗe kusa da mai shi. Amma yaya zan yi mata wannan bayani ta gilashi? Ta rasu bayan shekara biyu, Allah Ya jiƙan ta. Tun daga wannan tagar na ƙudurta a raina cewa in Allah Ya ba ni dama, sai na zama mai wannan aikin, don wata tsohuwar ta samu mai gaya mata da Hausa cewa ba gudun ta ake ba.

Fannin ana ce masa nukiliya medisin. Ba likita mutum zai zama ba, shi ne mai haɗa maganin, ya yi allurar, ya kwantar da mara lafiya a ƙarƙashin na'ura ya ɗauki hoton yadda ƙoda ko zuciya ko ƙashi ke aiki. Da na ji wata kwaleji za ta ɗauki ɗalibai a wannan fanni, na je na karɓo takardar sharuɗɗa, na zauna na karanta. Kiredit biyar, dole da Fizis da Kemistiri da Lissafi, kuma kada su wuce zama biyu. Ni kuwa Fizis ɗina a zama na uku na same shi. Sai takardar shaidar cewa mutum ya yi sa'o'i arba'in yana kallon aiki a sashen ɗaukar hoto na asibiti. Sai wasiƙar shaida daga mutum biyu. Sai jarrabawar shiga, sai intabiyu, sai gwajin lafiya. Kada shekarun mutum su kai talatin ranar rajista. Kujeru kuma goma sha biyu ne kacal, saboda ɗakin koyon aikin ba ya ɗaukar fiye da haka. Can ƙasa da ƙananan baƙaƙe aka rubuta cewa ba a yi wa mai ciki rajista, sai dai ta sake nema in an ƙara buɗewa, kuma duk wanda ya ba da bayanin ƙarya za a kore shi, a kuma kai ƙarar ma'aikacin da ya sa masa hannu gaban hukumar aikinsa. Wallahi da na zo wannan layin dariya na yi. Ni da ciki? Ina ma.

Ina da shekara ashirin da takwas na sake zama jarrabawar kammala sakandare gaba ɗaya, a tsakiyar yaran da na girme su da shekara goma, mai tsaron aji har tambayata ya yi ko ƙanwata na rako. Maigida shi ya riƙa yi min bita, ga shi ko baƙi ɗaya na Fizis bai sani ba, sai ya riƙe littafin ya karanto tambayar da ƙyar, in amsa, ya duba baya ya ce, "Daidai ne, Likita." Tun daga lokacin sunan ya bi ni. Na ci jarrabawar a zama ɗaya. Na yi sa'o'ina arba'in a tsaye a bayan gilashi, ƙafafuna har kumbura suka yi. Na ci jarrabawar shiga kwalejin. Aka kira mu intabiyu.

A layin intabiyun na haɗu da wata da zan kira Safiya. 'Yar unguwar Sheshe ce, yarinya mai fara'a, ba ta fi ashirin da biyar ba, amarya ce ma a lokacin, lallen hannunta bai gama fita ba. Mun zauna kan benci ɗaya tun safe har la'asar. Da ta ga ban ci komai ba ta ɓallo dabino daga jakarta ta ba ni, ta ce, "Yaya, ki ci, in kin shiga da yunwa duk abin da kika karanta gudu zai yi." Ita ta tuna min ma'anar wani abu da na manta, kuma wallahi shi aka tambaye ni a ciki. Da sakamako ya fito, Safiya ce ta uku. Ni ce ta goma sha uku. Mutum ɗaya tak tsakanina da kujera, ga shekaruna sun zo bakin iyaka, badi ba ni da damar sake nema ko da sun buɗe. Na dawo gida na yi kuka kamar an aiko min da rasuwa. Maigida ya bar rumfa da rana tsaka ya zo ya zauna kusa da ni, ruwa kawai yake miƙo min.

Bayan sati uku, ranar wata Talata da hantsi ina wanke-wanke, waya ta shigo daga ofishin rajista. Mutumin ya ce gurbi ya samu, ɗaya daga cikin sha biyun ba ta tsallake gwajin lafiya ba, ni ce ta farko a jerin masu jira, in kawo takardar gwajina kafin Juma'a. Na zube a tsakar gida na yi sujada hannuna duk kumfa. To Anti, ga inda abin ya fara. A wannan satin al'adata ta yi kwana goma sha biyu ba ta zo ba. Na ɗauka damuwa ce, don ta saba min haka. Amma da na tuna layin nan na ƙasan takarda, sai na biya kemis na sayi tsinken gwaji, don kawai in cire shakka. Layi biyu suka fito. Na sake sayen wani a wani kemis ɗin daban. Layi biyu. Shekara biyar ina roƙon ganin layukan nan, na yi azumi, na yi sadaka, na yi kuka a kan sallaya, sai a satin da aka ce in kawo shaidar babu su suka zo. Na zauna a bakin gado da tsinke a hannu ɗaya, waya a ɗaya hannun, na rasa hamdala zan yi ko salati. Wace irin uwa ce za a yi mata wannan albishir ta tsaya lissafi? Ni ce. Na tsaya na yi lissafi.

Akwai aminiyar Ummana da zan kira Anti Ladi, ma'aikaciyar ɗakin gwaje-gwaje ce a wani ƙaramin asibiti nan cikin gari. Tare suka tashi da Umma, ita ta yi min wankan jego na ɓarin da na yi, ita ta tsaya a matsayin uwa bayan rasuwa. Ta fi shekara talatin tana aiki, saura mata 'yan watanni ta yi ritaya. Wurinta na kai fom ɗin ranar Laraba. Ta ɗebi jinina, ta aika ni hoton ƙirji amma na ce mata na yi wani kwanan nan, na kawo tsohon. Da ta zo layin gwajin ciki ta ɗauko 'yar kwalba ta miƙo min, ta ce, "Shiga ki kawo fitsari." Na ce, "Anti, ai ina fashin salla ma, yau kwana biyu." Ban san lokacin da maganar ta fito ba, ko in ce na sani, don tun a adaidaita na shirya ta. Ta dube ni ta saman tabarau, idonta ya ciko, ta ce, "Allah Ya kawo lokacin, 'yata. Kada ki sa damuwa, wanda Ya ba ki wannan zai ba ki wancan." Ta mayar da kwalbar cikin durowa, ta rubuta babu, ta sa hannu, ta buga hatiminta. Har bakin titi ta rako ni tana cewa da Ummanki tana raye yau da ta yi guɗa. Ina cikin adaidaita ina jin kamar in ce ya tsaya in koma. Ban ce ba. Ranar Alhamis na sa hannu a nawa layin, inda aka rubuta cewa duk bayanin da na bayar gaskiya ne.

Sai a ranar farko a aji na ga babu Safiya. Na tambayi wata, ta ce, "Ai gurbinta aka ba ki. Ciki gare ta, da bakinta ta faɗa tun kafin a gwada." Anti, ji na yi kamar an watsa min ruwan zafi. Wato yarinyar da ta ba ni dabino ta faɗi gaskiya aka sallame ta, ni kuma na zo da irin abin da ya fitar da ita na zauna a kujerarta. Na so in tashi a take. Amma malami ya shigo ya fara rubutu a allo, na buɗe littafi, na fara kwafa.

Maigida kuwa sai da na yi sati biyu da fara karatu na gaya masa. Ba zan iya kwatanta muku fuskarsa ba. Mutumin da ko a rasuwar mahaifinsa ban ga hawayensa ba, ya durƙusa a tsakar ɗaki ya rufe fuska da hularsa. Da ya natsu ya ce, "Likita, to makarantar fa? Na ga kamar kin taɓa ce min wurin akwai haɗari. Kin gaya musu?" Na ce, "Na gaya musu, sun ce babu komai." Ya ce, "Alhamdulillahi, ai su suka san aikinsu." Shi ke nan, bai ƙara tambaya ba, don bai taɓa kama ni da ƙarya ba. Tun ranar ya hana ni ɗaukar ko bokiti, shi yake jan ruwa kafin ya fita. Ya gaya wa mahaifiyarsa, ita kuma ta ce a yi shiru sai ya yi ƙwari, shi ya sa har yanzu labarin bai kai kunnen Anti Ladi ba. Amma yaushe ciki ya taɓa ɓoyuwa a cikin gari? Jiya ma maƙwabciyata ta dube ni ta ce na yi fari na yi kumatu.

Wata biyu da rabi muna karatun aji, ba mu taɓa komai mai haɗari ba, da wannan nake lallashin kaina. Kuma bari in faɗi abin da ya fi ba ni kunya, karatun ya karɓe ni. Duk gwajin da aka yi ni ce ta ɗaya ko ta biyu. Ban taɓa jin ina da amfani a duniya kamar yadda nake ji a ajin nan ba. Shugabar sashenmu, wata dattijuwa da muke kira Dakta, mace ce da ba ta dariya kuma ba ta zalunci, har ta taɓa tsayar da ni a baranda ta ce, "Ke daga ina aka samo ki? Irin ku muke nema, masu tambayar dalili." Na sunkuyar da kai kamar kunya ce ta kama ni, alhali hijabina nake gyarawa kada iska ta manna min shi a jiki.

Ita ɗin ce kuma ta koyar da mu darasin da ya hana ni sukuni. Sati biyu da suka wuce ta zana mace mai ciki a allo, ta yi mana bayanin abin da radiyeshan ke yi wa ɗan tayi. Ta ce akwai maganin aidin da ake ba masu ciwon maƙogwaro, irin wanda aka ba Umma, wanda in aka yi sakaci yana iya tashi a iska mutum ya shaƙa, in mai ciki ce ya ratsa ya isa ga jariri, kuma bayan wata uku maƙogwaron jaririn ya fara aiki, zuƙe shi yake yi. Ta ce ma'aikaciya mai ciki tana iya ci gaba da aiki lafiya lau in ta sanar, don za a ɗauke ta daga ɗakin haɗa magani, a ba ta ƙarin abin awo ta maƙala a ciki, a riƙa duba shi. Sai ta ajiye alli ta dube mu mu mata biyar da ke ajin, ta ce, "Kariya tana nan, amma ba ma iya kare wadda ba ta faɗa ba. Wadda Allah Ya ba rabo bayan ta shigo, ta zo ofishina da takardar sikanin, mu zauna mu ga yadda za a yi." Da takardar sikanin, Anti. Takardar da za ta nuna satin cikin ƙiri-ƙiri. Mutanen da aikinsu ke nan kullum, duba cikin jikin mutum, su zan ce wa bayan na shigo na samu? Ranar ina rubuta darasin hannuna na hagu yana kan marata a ƙarƙashin tebur, ban ma sani ba sai da ta kusa da ni ta tambaye ni ko cikina ne ke ciwo.

Akwai abin da ban taɓa gaya wa kowa ba, zan faɗa a nan tunda ba ku san fuskata ba. A hanyar komawa gida ranar, muna tsaye a cunkoson bakin kasuwa, wani tunani ya gifta min, cewa da cikin nan zai tafi da kansa kamar na farko, da komai ya warware, babu wanda zai sani. Daƙiƙa ɗaya ne, na rantse da Allah, amma ya zo. Ni da na yi shekara biyar ina roƙo. Na sauka tun ban kai lungunmu ba, na jingina da bango ina istigfari, har wata tsohuwa ta tsaya ta tambaye ni ko lafiya. Wane irin abu ne karatu ya mayar da ni?

Awo kuwa nesa nake zuwa, wani asibiti a wajen gari, don kada in haɗu da idon sani. Ranar Asabar da ta wuce ina zaune a layi da katina a hannu, sai na ji an ce, "Yaya?" Na ɗaga kai, Safiya ce, cikinta ya fito sosai, ashe gidan mijinta a unguwar yake. Ta zauna kusa da ni da murnarta, tana tambayar karatu, da gaske ne Dakta tana da zafi, an fara shiga ɗakin magani, wane littafi ake amfani da shi. Ta ce har yanzu tana karanta tsofaffin takardunta kada ta manta, ko Allah zai sa su sake buɗewa. Tana cikin magana idonta ya sauka a kan katin. Na yi ƙoƙarin juya shi, amma ta riga ta ga inda nas ta rubuta watannin. Na ga leɓenta yana motsi, tana ƙirgawa. Can ta ce, a hankali yadda ta kusa ba za ta ji ba, "Kin san da shi lokacin da suka kira ki?" Na so in ce a'a. Mutum biyu na riga na yi wa ƙarya, ta ukun ai ba za ta yi wuya ba. Amma na kasa, na gyaɗa kai. Na jira ta zage ni, wallahi da ta zage ni da na ji sauƙi. Sai ta ce, "Mijina ma ya ce in yi shiru, ba wanda zai gane. Na kwana biyu ina tunani." Ta gyara zama, ta ɗora hannu a cikinta. "Ni ba zan kai ƙararki ba, Yaya, ba halina ba ne. Kujerar kuma ko an kore ki yanzu ba ni za a ba ba, lokaci ya wuce. Amma don Allah kada ki shiga ɗakin nan da shi. Shi bai sa hannu a komai ba." Aka kira lambarta, ta tashi da ƙyar, ta shiga. Da ta fito ta wata ƙofar ta bi.

To ga inda nake yanzu. Ranar Litinin za mu fara shiga ɗakin haɗa magani, sati shida a jere, kuma ni aka sa a rukunin farko saboda yawan makin da nake ci. Yau Alhamis aka raba mana fararen riguna da ɗan abin awon da ake maƙalawa a ƙirji, aka ce a ciki babu dogon hijabi, sai ƙarami da za a cusa cikin riga. Na gwada rigar a banɗakin makaranta, maɓallin tsakiya da ƙyar ya shiga. Sannan aka ba kowace mace sabuwar takarda, layi uku kacal, ta tabbatar ba ta da ciki kafin ta taka ɗakin, a mayar ranar Litinin da safe. Tana cikin jakata, ban sa hannu ba.

Na juya abin ta kowace fuska. In na je wa Dakta da gaskiya, korata za a yi, wannan na yarda na cancanta. Amma fom ɗina yana cikin fayil da hatimin Anti Ladi a kai. Za a tambaye ta yadda aka yi gwaji ya nuna babu, ko ta ce ta yi gwajin ta yi ƙarya, ko ta ce ba ta yi ba ta sa hannu a kan abin da ba ta gwada ba. Matar da ta yi shekara talatin ba a taɓa kiranta gaban kwamiti ba, sai a watanninta na ƙarshe, saboda ta yarda da 'yar aminiyarta? Da wane ido zan kalle ta? In kuma na janye shiru, na ce rashin lafiya ko matsalar gida, ita ta tsira, amma na ƙara wata ƙaryar a kan Dakta, kujerar ta tafi a banza, ba ni ba Safiya, kuma dole in zauna gaban maigida in gaya masa cewa ranar da ya durƙusa yana kuka ya tambaye ni, ƙarya na yi masa, a kan ɗansa. Mutumin nan duk layinsu a Kurmi ya gaya musu matarsa tana karatun nukiliya. Ban san ko zai sake yarda da wata magana tawa ba. In kuwa na sa hannu na shiga, wata zuciyar tana ce min ai akwai rigar dalma mai tare radiyeshan, akwai safar hannu, ɗalibai kallo suka fi yi, ki tsaya baya-baya, sati shida ne. Amma ni na zauna a ajin, na san abin da rigar dalma take tarewa da abin da ba ta tarewa. Kuma ko na tsallake sati shidan, wata mai zuwa fa? Rigar ma ba za ta rufu ba.

Na san amsar da yawancinku za ku ba ni, ki bar karatun, ɗa ya fi. Ni ma na sani, ba na jin zan iya taka ɗakin nan. Amma ban zo nan don in yi muku ƙarya ba, raina bai saki karatun ba, ko kaɗan bai saka ba, kuma wannan ne damata ta ƙarshe. Shin akwai wanda ya san makarantu irin wannan suna sassauta wa wanda ya kai kansa? Akwai hanyar da zan faɗi gaskiya ba tare da na ja Anti Ladi ƙasa ba? Wa zan fara tunkara, ita, ko maigida, ko Dakta? Ɗazu da la'asar na ɗauki mayafi na nufi gidan Anti Ladi, na kai har ƙofar zaure, na jiyo muryarta a ciki tana dariya da jikokinta, na juyo.

Malamai, iyaye mata, ma'aikatan asibiti da ke wannan shafi, don Allah ku ba ni amsa kafin Litinin. In ku ne a matsayina, da takardar nan a jaka da cikin wata huɗu, ta ina za ku fara? Ni me zan yi?